Ƙasar Da Mata Ke Jefa Wa Jirgin Ƙasa Abinci

Wanda ya sauka Birnin Meksiko a watan Satumba zai tarar da tutoci ko'ina, saboda bikin 'yancin kai na ranar 16. Amma ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce 19 ga wata. Ran nan ake kaɗa jiniya, ma'aikata da 'yan makaranta su fito waje cikin layi, ana atisayen girgizar ƙasa. Mai masaukina ya kai ni unguwar Tlatelolco don in fahimci dalili.

A ranar 19 ga Satumba, 1985, ƙasa ta girgiza da sassafe, dubban mutane suka rasu. Wani ƙaton ginin gidaje mai suna Nuevo León ya rufta da mazaunansa. Hukuma ta yi nawa, jama'a kuwa ba su tsaya jiranta ba. Samari da leburori da ɗalibai suka riƙa kutsawa cikin ɓaraguzai da jan ciki, suna zaƙulo masu sauran numfashi. Aka yi musu laƙabi da Topos, sunan wata ƙaramar dabba mai haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa. A 1986 suka zama ƙungiya, kuma tun daga nan sun kai ɗauki Haiti a 2010, da Nepal a 2015, da Turkiyya a 2023. Ba albashi ke kai su ba.

Ikon Allah, a 2017 wata girgizar ta sake aukuwa a ranar 19 ga Satumba, sa'o'i biyu kacal bayan an gama atisaye. Kimanin mutum 370 suka rasa rayukansu. Kowa na tambaya sai ya ba ni labari iri ɗaya: jama'a sun jeru suna miƙa wa juna bokitin ɓaraguzai, iyaye mata suna kawo abinci da kofi, masu kekuna da babura suna jigilar magani. In mai ceto ya ɗaga dunƙulen hannu sama, sai na bayansa ma su ɗaga, titi gaba ɗaya ya yi tsit, ko za a ji motsin wani a ƙasa.

Daga nan na shiga mota na yi gabas, muka gangara tsaunuka zuwa Córdoba a jihar Veracruz, ƙasar kofi da rake. Kusa da ita akwai wani ƙauye, La Patrona, wanda layin dogo ya ratsa. Ta nan jirgin dakon kaya da ake kira La Bestia ke wucewa, 'yan ci-rani daga Honduras da Guatemala da El Salvador na maƙale a samansa, sun nufi Amurka. A watan Fabrairun 1995, wasu 'yan'uwa mata na gidan Romero Vázquez suna dawowa daga kanti da burodi da madara, sai na kan jirgin suka yi musu kira cewa yunwa suke ji. Suka jefa musu abin da ke hannunsu. Da suka isa gida, mahaifiyarsu Leonila ba ta yi faɗa ba, sai ma ta ce a ɗora tukunya. Daga nan aka samu matan da duniya ta sani da Las Patronas.

Na zauna a madafarsu na ga aikin da idona. Manyan tukwane a kan wuta, ɗaya shinkafa, ɗaya baƙin wake. Ana zubawa a leda, a haɗa da waina ta masara da suke kira tortiya, a ƙulle. Gorunan ruwa kuwa ɗaure su ake yi da igiya bibbiyu ko uku-uku, don hannu ɗaya ya iya cafkewa. Da aka jiyo ƙarar jirgi, kowa ta suri kaya ta ruga bakin layi. Jirgin ba ya tsayawa. Mace za ta tsaya dab da ƙarfe, ta miƙa hannu, iska na kaɗa mata riga, wani ya leƙo ya fizge ledar. Cikin 'yan mintoci an wuce. Ba su san sunan wanda ya ci ba, ba su san addininsa ba, kuma ba za su sake ganinsa ba. Talakawa ne su ma, matan manoma. A 2013 aka ba Norma Romero, mai jagorantarsu, lambar yabo ta ƙasa kan kare haƙƙin ɗan Adam, amma tukunyar ba ta sauka ba.

A jihar Oaxaca na ga tushen wannan hali. Ƙauyukan 'yan asalin ƙasar suna da tequio, aikin gari da kowane gida ke fitowa yi ba tare da lada ba: gyaran hanya, ginin aji, yashe magudana. Gayya ce sak irin tamu, sai dai su taron gari ne ke tsara ta, kuma wanda ya ƙi fitowa yana iya shan tara.

Manyan cibiyoyi ma suna nan. Nacional Monte de Piedad, gidan jingina da aka kafa a 1775, har yau yana ba da rance, rarar da ya samu kuma ya tallafa wa ƙungiyoyin agaji. Gidauniyar Teletón tana tara kuɗi ta talabijin tun 1997, tana gina cibiyoyin kula da yara masu naƙasa. Ko a kantin OXXO, mai karɓar kuɗi kan tambaye ka ko za ka bar 'yan kwabban canji sadaka.

Meksiko na da matsalolinta, kuma mutanenta ba sa ɓoye su. Amma na shaide su da abu guda: in masifa ta faɗo, ba sa tambayar aikin wa ne. Mai cebur ya kawo cebur, mai tukunya ta kawo tukunya. Wannan hali ya cancanci yabo, ya kuma cancanci koyi.