Farar Dinya da Dokar Sheƙa

A arewacin ƙasar Kanada, a bakin tekun Hadson, akwai fadamu masu ruwan gishiri inda farar dinya take yin sheƙa. Da sanyi ya ƙarato sai ta tashi garke garke zuwa kudancin Amurka, wajen Teksas da Luwiziyana. A zamanin dā abincin da take samu a can kaɗan ne, saiwar ciyawa kawai, don haka yunwa takan rage ta kowace shekara. Sa'an nan manoman Amurka suka buɗe manyan gonakin shinkafa da masara a kan hanyarta. Injin girbi kuwa ba ya kala. Dinya ta sami hatsi zube a ƙasa, ta ci ta ƙoshi, ta daina mutuwa kamar dā. Daga wajen 1970 ta yi ta ƙaruwa da kamar kashi 5 cikin 100 kowace shekara, har ta kai miliyoyi.

Ɓarnar ba a gonakin ta fi tsanani ba, a gidan dinyar ne. Sa'ad da garkunan suka koma arewa kafin sabuwar ciyawa ta tsiro, sai su tona ƙasa da baki suna tumɓuke saiwa. Ƙasar da ta rasa ciyawa takan bushe, gishiri ya taso sama, ba abin da zai sāke tsirowa sai bayan shekaru masu yawa. Mu da muka ga yadda garke yake mai da kewayen rijiya faƙo ba ma bukatar dogon bayani. Ƴan tsakin dinyar suka riƙa fitowa a rame, waɗansu suna mutuwa, ƙananan tsuntsayen da suke zama tare da su kuma suka rasa mafaka.

A 1997 masana suka ba da shawara a rage ta da rabi. Tun 1916 akwai yarjejeniya da ta hana harbin irin waɗannan tsuntsaye daga watan Maris zuwa ƙarshen Agusta. A 1999 aka buɗe wannan ƙofa saboda farar dinya: a harbe ta ko da bazara, tana kan hanyar zuwa yin ƙwai. A Amurka aka cire iyakar adadin da maharbi zai kashe a yini, aka kuma yarda ya yaudare ta da na'ura mai kukan dinya. Manya ake nema, gama uwa guda takan yi shekaru tana ƙyanƙyasa.

Nan ne, ƴan'uwa, zuciyata ta tsaya. A cikin Maimaitawar Shari'a sura 22, Ubangiji ya umarci wanda ya sami sheƙa kada ya ɗauke uwa tare da ƴaƴanta. Mahaifina maharbi ne, bai san karatu ba, amma da zabin daji sun fara ƙwai yakan rataye bindigarsa har kaka. Da wannan aka goye ni, shi ya sa labarin harbin uwaye ya yi mini nauyi ƙwarai.

Duk da haka ban iya kā da masu harbin ba. An ba da dokar domin kada iri ya ƙare. Idan uwar tana cinye ƙasar da ƴaƴanta za su rayu a kai, barinta ba jinƙai ba ne. Mutum ne ya ƙosar da ita, ko da bai yi niyya ba, ba zai naɗe hannu ya ce aikin Allah ne ba. Abin da ba na so shi ne murna a kan tarin gawa, da barin nama ya ruɓe. Kabilar Kiri ta waccan ƙasa sun daɗe suna farautar dinya da bazara, suna gasawa, suna ƙyafewa, suna rabawa da tsofaffi. Da irin tasu farautar ba ni da gardama.

Rabin da aka yi niyya kuwa bai samu ba a lokacin da aka tsara. Fiye da shekara 10 bayan 1999, bincike ya nuna manyan dinyoyin arewa mai nisa suna rayuwa kusan kamar dā. Suna tafiya dubbai a garke ɗaya, tsofaffinsu sun ga tarko iri iri, sukan kewaya sama su duba, su wuce gonar gaba.