Ciko Ba Canji Ba Ne

A Garwa mun fi sanin kifi a kasko: karfasa, tarwaɗa da giwan ruwa, waɗanda ake kawowa daga tafkin Lagdo, inda aka datse kogin Binuwai. Nawa kifayen kuwa na ado ne, ba su kai ɗan yatsa ba, suna zaune cikin akwatin gilashi mai cin lita 60. Kifin kogi, ruwa ne ke wucewa da ƙazantarsa. Nawa a wuri ɗaya suke ci, suke kashi, suke numfashi. Idan ban fitar da dattin ba, babu mai fitar da shi.

Kashin kifi da ragowar abinci suna haifar da amoniya, wadda guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani a cikin soson matata da tsakuwar ƙasa, su ke sarrafa ta har ta zama naitiret. Shi ba ya kisa nan take, amma taruwa yake yi, kuma ido ba ya ganinsa. Ruwa na iya zama garau alhali kifi na cikin wahala.

A Maris da Afrilu, lokacin da zafinmu kan wuce digiri 40, ruwan akwati na raguwa cikin 'yan kwanaki. Sabon shiga sai ya cika shi, ya ɗauka ya canza. Ai tururi ruwa kaɗai yake ɗauka, ya bar dattin a baya, kamar miyar da ta daɗe a wuta, gishirinta ke ƙara fitowa.

Ni kowace Asabar nakan zuƙe lita 15, wato kashi ɗaya cikin huɗu, da siririn tiyo, ina bin tsakuwa inda ƙazanta ke kwanciya. Ba na kwashe ruwan duka, don sauyi na farat ɗaya yana gigita kifi. Soson matata a cikin tsohon ruwan nake matse shi, sabulu ba ya zuwa kusa.

Sabon ruwa kuma sai an shirya shi. Kulorin da ake sa wa ruwan famfo don kare mu daga kwalara yana ƙona mashaƙar kifi, ya kashe bakteriyar nan. Nakan ɗiga maganin kashe kulorin gwargwadon abin da aka rubuta a kwalba. In babu, awa 24 a buɗaɗɗen bokiti kan isa kulorin ya fice, amma ɗan'uwansa kuloramin sai da magani. Bokitin kusa da akwatin yake kwana, don zafinsu ya zo ɗaya. Ruwan tankin da ya sha rana kan yi wa kifi zafi fiye da kima.

Duka aikin bai fi minti 20 ba. Tsohon ruwan zogalena nake ba, taki ne a gare shi. Wanda ya raba rai da kogi ya kawo shi ɗaki, shi ya zama koginsa.