Kwana Uku Inji Yana Rataye

Yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022 ya faro ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. A cikin waɗancan watanni takwas wasunmu sun koma gona, wasu kasuwa. Ni kuwa motata ce ta zaɓa mini aiki. Tsohuwar BMW ce ƙirar E46, mai fistin shida, wadda na saya ta hannu. Wata safiya cikin damina na tayar da ita, sai na ji ƙara can ƙasan inji, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, tana ƙaruwa in na taka totur.

Dattijon bakaniken da ya saba duba mini ita ya zo har gida. Ya kara dogon sukudireba a jikin injin, ya ɗora kunne a mariƙinsa, ya ce, "Dakta, metal ne. Kada ka sake tayar da ita." Metal, ga wanda bai sani ba, wasu 'yan ƙarafa ne masu siffar rabin zobe da ke zaune tsakanin sandar fistin da karanshaf. Tazarar da ke wurin ba ta wuce kaurin silin gashi ba, baƙin mai ne ke cika ta, ya hana ƙarfe gogar ƙarfe. In man ya tsufa ko ya yi ƙaranci, metal ya cinye. In aka ci gaba da tuƙi, inji ya buga. Laifin nawa ne, domin na ja lokacin juyen mai fiye da ƙima da aljihu ya yi sanyi.

Ba ni da kuɗin jan motar zuwa gareji, balle na sauke inji gaba ɗaya. Muka yanke shawarar yin aikin a rumfar mota ta gidana, ta ƙasa. To, ba a kaiwa ga metal sai an cire kaskon mai, wanda kanikawa ke kira botom filet. A irin wannan mota akwai gadar ƙarfe da ta gitta ƙarƙashin kaskon, sai an sassauto ta sannan zai fita. A kan gadar nan kuma kujerun inji biyu suke. Wato abin da za a kwance shi ne yake ɗauke da nauyin da mutum zai kwanta a ƙarƙashinsa, nauyin da ya haura kilo 150 in an haɗa da giya.

Na ce, "Baba, ba ga jak ba? A sa katako a tokare giya, a yi a gama." Na karanta 'yan shafuka a intanet a daren, ina jin kaina. Bai yi musu da ni ba. Ya ɗaga gaban motar da jak ɗina, ya ja layi da alli a bango daidai bakin bamba, ya ce mu haɗu da safe. Da gari ya waye bamba ta sauka ƙasa da layin da faɗin yatsu biyu. Jak mai aiki da mai, duk ƙarfinsa yana rataye ne a kan 'yar roba guda da ke tare man. In ta gaji, saukowa take yi a hankali, ko kuma gaba ɗaya, ba sallama.

A garejinsa, reshen dalbejiya da cen bulok ne ke ɗaukar inji. Rumfata kuwa kwano ce da siraran katakai. Sai ya zana wa mai walda abin da yake so: sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu da za ta gitta saman injin, ƙafafunta biyu su zauna a gefen jikin mota inda ƙarfe ya yi ninki, da guntun katako a ƙarƙashin kowace. A tsakiyarta a ratsa dogon ƙarfe mai zare da ƙugiya a baki, ta kama kunnen da maƙera motar suka bari a gaban injin saboda irin wannan rana. Ya sa aka haɗa da ƙafafun ƙarfe biyu da motar kanta za ta zauna a kai. Sandar farko da aka kawo, ana ɗaure noti ta fara ranƙwafawa. Ya mayar da ita, ya ce a yi mai kauri. Kwana biyu suka tafi a haka, ina ta ƙunƙuni a zuci, ina lissafin kuɗin ƙarfe.

Ainihin aikin bai ci yini guda ba. Metal goma sha biyu, biyu ga kowace sanda. Sababbin kusoshi, domin na asali miƙewa suke yi in an ɗaure su, ba a maimaita su. Ya bi wuyan karanshaf da farce ɗaya bayan ɗaya, bai ji karce ba, ya yi hamdala.

Ana cikin haka ne ɗana, mai shekara goma sha huɗu, ya roƙa in bar shi ya shiga ƙarƙashi ya riƙe fitila. Sanda na riƙe da inji, ƙafafun ƙarfe na riƙe da mota, an tokare tayoyin baya, Baba ya girgiza motar da ƙarfinsa ba ta motsa ba. Duk da haka na ce a'a, da tsawa ma. Sai na duba ƙasa na ga ƙafafu biyu cikin silifa sun leƙo daga ƙarƙashin bamba. Yaron Baba ne mai koyon aiki, bai girmi ɗana da fiye da shekara guda ba. Shi ne zai kwanta a ƙarƙashin jak ɗin da na yi ta kāre wa kwana uku da suka wuce, kuma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Ban ma san sunan mahaifinsa ba. Baba ya dube ni, ya ci gaba da goge hannu da tsumma.

Da aka gama na ce ya tafi da sandar da ƙafafun. Kwanan baya na bi ta garejinsa, na tarar da ƙafafun a ƙarƙashin wata Corolla. Sauran motoci uku da ke jere kuwa a kan tsofaffin rim da duwatsu suke, da yara a ƙarƙashin biyu daga cikinsu.