Nawa Ne Kuɗin Shagon da Ba a Gani?

A wani dare na watan Afrilu, lokacin da zafin N'Djamena ke korar kowa daga ɗaki, muna zaune kan tabarma a ƙofar gidanmu a Habbena, wuta ta ɗauke tun la'asar. Wani Alhaji, aminin marigayi mahaifinmu, mai sayar da shadda da atamfa a Babbar Kasuwa, ya zo yin ciniki da ƙanena. An gaya masa yaron ya iya gina shafin intanet, shi kuma yana son kayansa su "shiga waya", kamar yadda ya faɗa.

Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Alhaji, jaka ɗari da hamsin ne."

Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu. "Ɗana, shagon nan naka da siminti ake gina shi? Ina ce danne-danne ne kawai? Facebook ma da ya fi ka, kyauta yake ba mu."

Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne, ni na fara goya wa Alhaji baya. Na ce, "Haba, ka karɓi jaka hamsin mana, ai na gida ne." Yaron bai ce uffan ba, ya tashi ya shige ciki. Kwana biyu bayan haka mahaifiyarmu ta kira ni gefe, ta ce ta ga ya haɗa kaya a jakar goyo, yana maganar bin abokansa zuwa haƙar zinariya a Kouri Bougoudi, can kan iyakar Libiya. Duk wanda ke zaune a Chadi ya san ba kowa ke dawowa daga can ba.

A daren na same shi na ce ya nuna mini inda jaka ɗari da hamsin za su tafi. Ya ɗauko littafin lissafinsa, ya haska da fitilar waya.

Na farko shi ne sunan shafin, wato adireshin da mutum zai rubuta ya iso. Ba a sayensa a mallaka, haya ce ta shekara. Mai ƙarewa da .com yakan kai dalar Amurka 10 zuwa 15; ya rubuta sefa 9,000. Na biyu, ma'ajiya: wata kwamfuta a Turai da ba ta barci, wadda hotuna da rubutu za su zauna a cikinta, 36,000 a shekara. Kamfanonin nan ba sa karɓar kuɗi a hannu, sai da katin banki, shi kuma ba shi da shi, don haka mai katin da zai biya a madadinsa zai ci 5,000. Kuɗin data na makonni uku, 25,000, domin ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu ta igiyoyin Kamaru da Sudan take zuwa, kuma tsadarta ba sai an faɗa ba. Man janareta da kuɗin klando zuwa kasuwa ɗaukar hotunan kaya, 15,000. Jimilla 90,000, kafin ya sa ko sisi a aljihu.

"Yaya," in ji shi, "da na karɓi abin da ka ce, da na ciko jaka arba'in daga aljihuna don in yi masa aiki."

Saura 60,000, daidai da mafi ƙarancin albashin wata da doka ta tanada a ƙasar nan. Na tambaye shi, ba an ce WordPress kyauta ba ne? Ya ce haka ne, kamar yadda yashin kogin Shari yake kyauta, amma ban taɓa ganin wanda aka jibge masa shi a ƙofar gida bai biya ba. Ga shi Alhaji yana son harsuna uku: Faransanci don ma'aikata, Larabci don 'yan kasuwa, Hausa don danginmu na Kano da Zinder. Larabci daga dama yake farawa, sai an juya fasalin shafin gaba ɗaya. Hausa kuma, idan ba a zaɓi haruffan da suka san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ƙananan akwatuna su bayyana a gurbinsu.

Jikina ya yi sanyi, don ni ma abin da ba a gani nake sayarwa. Sau nawa wani ya tare ni a hanya ya ce in ɗan ambaci shagonsa a shirina, "ai magana ce kawai"? Na sha bayyana wa mutane cewa minti ɗaya na iska yana cin mai da albashi da gyaran na'ura. Ashe rainin da nake kuka da shi, shi na yi wa ɗan'uwana.

Sai dai shi ma da laifinsa, kuma na gaya masa. Ya iya aiki, bai iya talla ba. Ya buga takardu da Faransancin makaranta, cike da sunayen manhajoji, ya liƙa a bangon Dembé, ba wanda ya kira. Ya yi rajista a dandamalin neman aiki na duniya, ya tarar da dubban matasan Indiya da Fakistan masu Turanci da wutar da ba ta ɗaukewa, suna karya farashi. Na ce masa abin da rediyo ya koya mini: mai tallar sabulu ba ya karanta wa mata sunayen sinadarai, cewa yake zai fitar da dauɗa. Kada ka ce wa Alhaji za ka gina masa shafi. Ce masa matar da ke Moundou ko Abéché za ta ga launin shadda da farashinta cikin dare, yana barcinsa.

Batun Facebook kuwa, ba mu rasa amsa ba. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe Facebook da WhatsApp da Twitter a Chadi, kusan wata goma sha shida. Wanda duk cinikinsa ke can, sai da ya koma bi ta ɓarauniyar hanya mai cinye data. Kayan aro ba ya rufe katara.

Muka zauna muka tsara takarda guda. A sama, kuɗin da ke fita waje, kowane da sunansa. A ƙasa, ladan aikinsa. Rabi kafin a fara, rabi in an gama. Sunan shafi a rubuta shi da sunan mai kaya, don kada gobe a ce yaro ya riƙe makullin shagon mutane. A kuma faɗa tun farko cewa duk shekara akwai haya. Ya ƙara da wani abu nasa da ban yi tunani ba: duk wanda ba ya buƙatar shafi, zai gaya masa gaskiya. Wata mai turaren wuta ta zo, ya ce jerin kaya a WhatsApp Business ya ishe ta, ya saita mata a jaka biyar. Ita ta turo masa wata makaranta mai zaman kanta, aikinsa mafi girma zuwa yau.

Alhaji ya dawo bayan Sallah. Ya karanta takardar layi-layi, ya ce a cire Larabci tukuna, aka tsaya a jaka ɗari da ashirin, biya biyu. Har yanzu yakan ce an cuce shi, amma ranar da wani ya kira daga Kousseri yana faɗa masa lambar atamfar da ya gani, sai da ya zagaya rumfuna yana nuna wa maƙwabta wayarsa.

Ba zan ce ƙanena ya yi arziki ba. Akwai watan da ba ya samun aiki ko ɗaya, jakar goyon nan kuma tana nan rataye a bayan ƙofa, bai kwance ta duka ba. Watan jiya na ce ya gina wa shirina shafi. Ya dube ni ya ce, "Yaya, na gida ne ko na kasuwa?" Na ƙirga rabin kuɗin na ajiye masa kan littafin, na ce ya rubuto mini takarda.