Zambon da Ya Zama Suna

Shekarun baya wani abokina ma'aikacin gidan rediyo ya kawo mini rubutu a kan tarihin zanen zamani a Turai, ya ce in mayar masa da shi Hausa kafin Juma'a. Na karɓa da gadara, domin a ganina wanda ya sha gwagwarmaya da nahawu ba zai gaza a nan ba. Ashe ban san dawan garin ba. Tun a shafin farko na ci karo da sunayen mazhabobin masu zane, na rasa ko in ari kalmomin in yi musu kwaskwarima, ko in ƙirƙiro namu. Da na bi asalinsu, sai na tarar da abin da ya fi ba ni sha'awa a matsayina na ɗalibin harshe, wato da dama daga cikin sunayen nan zambo ne aka yi wa masu su, sannan ya bi su.

A 1874 wasu masu zane da babban baje-kolin hukuma a Faris ya sha ƙin karɓar aikinsu suka shirya nasu baje-kolin. A ciki akwai zanen Kulod Mone na tashar jiragen ruwa ta Le Havre da hudowar rana, wanda ya kira da kalmar Faransanci mai nufin ɗan abin da ido ya kama a kallo guda. Wani mai sharhi ya ɗauki kalmar ya yi musu ba'a da ita, yana nufin aikin bai ƙarasu ba. Daga nan Imfireshanizim ya samo suna. Su kuwa da gangan suka yi. Kyamara, wadda ta bayyana tun 1839, ta riga ta karɓe aikin fitar da kamanni, saboda haka suka fita fili suna farautar haske, yadda yake sauya launin ruwa da ciyawa tsakanin hantsi da la'asar. A 1905 aka sake yin haka ga Anri Matis da abokansa. Matis ya zana matarsa da kore a fuska, aka kira su "fauves", wato namun daji. A 1908 kuma aka ce Joj Birak ya mayar da gidaje da itatuwa 'yan akwatuna masu kusurwa, sai ga Kubizim. Ashe ba Bahaushe kaɗai ke laƙaba wa mutum sunan tsokana har ya danne na yanka ba.

Inda na daɗe a tsaye shi ne kan Fablo Fikaso. Ranar da na fara ganin hoton zanensa na 1907, na mata biyar na Avignon, dariya na yi. Jikkunan kamar an fasa madubi an sake haɗawa, fuskokin mata biyun da ke dama kuwa ba na mutane ba ne. Daga baya na karanta cewa a wannan shekarar ya shiga gidan adana kayan al'ummu na Trocadéro a Faris, inda aka jibge sassaƙe-sassaƙe da fuskokin dodanni na itace, da yawansu daga ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Nan dariyata ta ɗauke. Masassaƙin da ya tsawaita hanci ya ƙanƙance ido bai kasa kwaikwayon fuska ba ne, abin da yake nema ya wuce kamanni, kuma Fikaso ya gane haka. Sai dai kash, sunan Fikaso ya cika duniya, masassaƙan nan kuwa da ƙyar ake ambaton ko da ƙabilarsu. Ban ce sata ya yi ba, domin ilimi da fasaha ba su taɓa zama a gida ɗaya ba, amma bashi ne da ba a rubuta sunan mai shi ba.

Sauran mazhabobin ba su wahalar da ni sosai ba. Dada, wadda ta ɓullo a Zurik a 1916 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, da gangan ta zaɓi suna mai kama da gwarancin jariri, don nuna cewa hankalin da ya kai Turai ga wannan kashe-kashe bai cancanci girmamawa ba. Sureyalizim na 1924 kuwa na kira shi zanen mafarki, duk wanda ya ga agogunan Salbado Dali na 1931 suna narkewa kamar man shanu a rana ba zai yi mini gardama ba.

Wadda ta gagare ni ita ce mazhabar su Kandiniski da Malebic, waɗanda suka daina zana mutum ko dabba ko itace, suka koma ga layi da launi da siffa zalla. A 1915 Malebic ya baje baƙin murabba'i a kan farin ƙyalle, Turai ta girgiza. Na kwana biyu ina neman kalma, har na fita sallar la'asar na ɗaga kai na dubi bangon wani tsohon gida. Ga dagi, ga da'ira, ga layuka suna saƙa juna, babu hoton mai rai ko ɗaya. Na dubi wuyan rigar limaminmu, ga aska takwas, ga tambari. Abin da Turai ta kai gare shi bayan doguwar jayayya, maginanmu da maɗinkanmu sun daɗe a cikinsa, ko da yake dalilansu daban ne, kuma kowace siffa tana da sunanta. Sunan nau'in gaba ɗaya ne ba mu da shi, domin ba mu taɓa buƙatar bambanta shi da wani ba.

Ɗaliban Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sun riga ni wannan tunani. A 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suka ce za su haɗa dabarun da Turawa ke koya musu da fasahar gidajensu. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Su ma ba su tsira daga laƙabi ba, har yau 'yan tawayen Zariya ake ce musu.

A ƙarshe na rubuta "zanen da ba ya kwaikwayon halitta", na miƙa aikin ranar Asabar. Abokina ya ce kalmar ta yi tsawo ga rediyo, ya taƙaita ta zuwa "zanen siffofi". Bangon nan da ya ba ni amsa kuwa, da na koma bayan damina biyu in ɗauki hotonsa, na tarar an shafe shi da siminti, an yi masa shuɗin fenti.