Rawar da aka ba ni a wasan Salem

Muna shekara ta biyu a jami'a malaminmu na adabi ya shigo aji da wani ɗan siririn littafi, ya ce wasan kwaikwayo za mu karanta a wannan zangon, kuma ba karatun zuci ba, kowa sai ya ɗauki rawa ya furta maganar da bakinsa. Littafin shi ne The Crucible na Arthur Miller, marubucin Amurka, wanda aka fara nunawa a birnin New York a 1953. Sunan yana nufin kaskon da ake narka ƙarfe a ciki don a raba shi da datti. Ni aka ba rawar Mary Warren, 'yar aikin gidan John Proctor. Raina bai so ba, don Elizabeth na sa wa ido, uwargidan Proctor mai haƙuri da kamun kai. Sai da muka kai kashi na uku na gane rawar da aka ba ni na taɓa taka ta da gaske.

Labarin ya faru ne a Salem, a yankin Massachusetts, a 1692. Mutanen garin 'yan Furitan ne, Kiristoci masu tsananin riƙo da addini waɗanda iyaye da kakanninsu suka baro Ingila. 'Yar Samuel Parris, faston ƙauyen, da 'yar'uwarta Abigail Williams suka fara faɗuwa suna ihu, likita ya kasa gane ciwon, sai aka ce maita ce. Aka kama Tituba, baiwar gidan, ta amsa laifi, ta ce akwai wasu. Kafin ƙura ta lafa an zargi mutum fiye da 200, an rataye 19, an kuma danne wani tsoho, Giles Corey, da duwatsu har ya mutu saboda ya ƙi buɗe baki ya amsa tuhumar kotu. Malam ya dage mu san inda Miller ya yi ƙari: Abigail ta tarihi ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, shi ya mayar da ita budurwa 'yar 17, Proctor kuwa dattijo ne mai kimanin shekara 60, soyayyar da ke tsakaninsu a wasan ƙirƙira ce. Amma ratayar ba ƙirƙira ba ce, sunayen matattun ma na gaske ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kotun take aiki. Yarinya za ta miƙe ta ce kurwar wance ta zo mata cikin dare tana mintsinin ta, alƙalai su karɓa a matsayin shaida. To wa zai ƙaryata? Babu mai ganin kurwar sai mai ƙarar. In wadda ake zargi ta kawo shaidu cewa tana gida a daren, sai a ce ai jikinta ne ke gida. Sannan wanda ya amsa cewa shi maye ne ana barin sa da ransa, muddin zai ambaci wasu. Wanda ya tsaya a kan gaskiyarsa shi ake kai wa igiya. Rebecca Nurse tsohuwa ce 'yar shekara 71, maƙwabtanta 39 suka sa hannu a takarda suna shaidar kirkinta, masu taya alƙali yanke hukunci ma da farko suka wanke ta, aka ce su koma su sake shawara. An rataye ta a watan Yuli na shekarar.

Ina 'yar shekara tara, akwai wata tsohuwa a unguwarmu mai sayar da daddawa da kuka. Baƙuwa ce da aure ya kawo, mijin ya rasu, ba ta da ɗa ba ta da jika. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da 'yar maƙwabtanmu, tana cikin sambatu ta ambaci sunan tsohuwar sau biyu. Kafin la'asar magana ta gama unguwa, wai ta kama kurwar yarinya. Matan gidan suka tara mu yara suna tambaya ko mun taɓa ganin wani abu. Wata da ta girme mu ta ce ta ga tsohuwar ta rikiɗa ta zama kyanwa a bayan katanga, sai ta juyo ta ce da ni, “Ba tare muka gani ba?” Idanun manya duk suka dawo kaina. Na ce e. Wallahi ban ga komai ba.

Aka jawo tsohuwar daga ɗakinta, ɗankwalinta a ƙasa, aka ce sai ta tsallake yarinyar ta sakar mata kurwa. Tana kuka tana rantsuwa, amma ta tsallake, don in ta ƙi duka ne zai biyo baya. Washegari aka kai yarinyar asibiti, aka yi mata allurai, ta miƙe. Unguwa ta ce tsallakawar ce ta yi aiki. Da yarinyar ta mutu, da cewa za a yi ta riga ta cinye ta. Daga ranar babu wanda ya ƙara sayen daddawarta, yara na bin ta da waƙa, kafin kaka ta wuce ta tattara kayanta ta bar garin.

A kashi na uku na wasan Proctor yakan kawo Mary Warren gaban alƙalai ta faɗi gaskiya, cewa duk faɗuwar da suke yi shiri ne. Sai a ce to ta suma yanzu a gani, ta kasa. Nan Abigail da sauran 'yan matan suke ɗaga kai su ce ga wani tsuntsu a saman rufi, kurwar Mary ce za ta yage su, su shiga maimaita duk kalmar da ta furta har ta ruɗe, ta juya ta nuna Proctor ta ce shi ne ɗan aiken Shaiɗan. Ranar da muka karanta wurin, ƙawayena huɗu suka kewaye ni suna maimaita maganata da murya ɗaya. Muryata ta ɗauki rawa, hawaye ya zubo. Aji ya tafa, suna tsammanin iya wasa ne.

An daɗe ana gardama a ajin kan wa ya fi laifi, kusan kowa ya ce Abigail. Ni ban yarda ba, har yau kuma ban yarda ba. Yarinya mai ƙarya don ta tsira daga duka babu garin da babu ita, ƙaryarta kuma ba ta kisa sai manya sun ɗora mata rawani. Dubi Ann Putnam ta wasan, wadda ta binne jarirai bakwai: baƙin cikinta na gaske ne, neman wanda za ta ɗora wa take yi. Dubi mijinta, da Giles Corey ya zarga da kwaɗayin gonakin waɗanda za a rataye. Sai Danforth, mataimakin gwamna, wanda ya ƙi ɗaga hukunci ko da na kwana kaɗan, don an riga an rataye mutum goma sha biyu, tsayawa kuma zai sa a yi shakkar kotunsa. Wannan ya fi ba ni tsoro, mutum mai ilimi da ya gwammace ya ƙara zubar da jini da ya ce ya yi kuskure. Ba kuma zan ɗora wa addini ba. A cikin malaman Furitan ɗin ne Increase Mather ya yi rubutu yana gargaɗi kan dogaro da shaidar kurwa, gwamna William Phips kuma ya rushe kotun a Oktoba 1692. Mu ma addininmu a kan mai ƙara ya ɗora nauyin kawo hujja, kuma a tsakar gidan maƙwabtanmu ranar da aka jawo tsohuwar akwai waɗanda suka san haka sarai, ba wanda ya tambaya.

Masu jarrabawa sun fi son a yi bayanin cewa Miller da zamaninsa yake, lokacin da Sanata Joseph McCarthy da wani kwamitin majalisa ke farautar 'yan gurguzu. Haka ne, shi kansa an kira shi gaban kwamitin a 1956, ya ƙi ambatar sunan kowa, aka same shi da laifin raina majalisa a 1957, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 1958. Na rubuta wannan na ci maki. Haka ma ɗalibai ke yabon Proctor, da ya sa hannu a takardar amsa laifi sannan ya yage ta ya zaɓi igiya, ni ma ina girmama shi. Sai dai kaɗan ne a cikinmu za a taɓa neman ransu. Abin da aka nema a wurina kalma uku ce, in ce ban gani ba, kuma babu mai rataye ni a kanta.

Salem ta yi ƙoƙarin wanke hannunta, ko da a makare. Alƙali Samuel Sewall ya miƙe a coci a 1697 ya karɓi laifinsa. A 1706 ƙaramar Ann Putnam, ɗaya daga cikin 'yan matan da suka yi zargi, ta tsaya gaban jama'a aka karanta neman gafararta. A 1711 aka amince a biya wasu iyalai diyya. Elizabeth Johnson kuwa, da aka yanke wa hukunci a 1693, sai a 2022 aka wanke sunanta, bayan wasu 'yan makaranta da malamarsu sun bi maganar har majalisar jihar.

Da na koma gida hutu na zaunar da Inna na faɗa mata cewa ƙarya na yi a ranar nan. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, “Allah ya yafe mana, ke yarinya ce, mu da muka tsaya muna kallo fa?” Na tambayi inda tsohuwar take, ta ce an daɗe da jin rasuwarta a ƙauyen danginta. Har yau in an tuna ta a unguwarmu da wancan mugun sunan ake kiran ta. Duk inda aka faɗa a gabana nakan ce ƙazafi ne aka yi mata, kuma ni ce ɗaya daga cikin waɗanda suka ba da shaidar zur.