Akuyar Inna da 'yar motar da na ƙera a Jabo

1/ Jama'a ku matso in ba ku labarin yadda na ƙona akuya sukutum cikin daƙiƙa ɗaya, babu wuta babu gashi. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

2/ Ranar 14 ga Fabrairu 2022 ASUU ta shiga yajin aiki. Na tattara kayana daga jami'ar Ɗanfodiyo na koma gida Jabo, ina cewa sati huɗu ne mu dawo. Wata takwas muka yi, sai Oktoba aka janye. Zaman banza ya ishe ni, kullum ina kwance ina ƙona data a YouTube.

3/ A can na ci karo da Raspberry Pi. Kwamfuta ce cikakkiya a kan allo guda, girmanta kamar katin ATM. Wata gidauniya a Kambirij ta ƙasar Ingila ta fito da ita a 2012 kan dala 35, don yara su koyi rubuta manhaja ba tare da tsoron lalata kwamfuta mai tsada ba.

4/ Abin da ya ja hankalina shi ne wasu ƙananan ƙafafu 40 da ke gefenta. Da su kwamfutar ke taɓa duniya. Ka rubuta layi biyar da Python, ƙwan fitila ya kama, ko taya ta juya. Na ce wallahi sai na haɗa motar da ke tuƙa kanta tana kauce wa bango.

5/ Matsalar kuɗi ce. A shekarar ana ƙarancin kayan haɗa na'urori a duniya, Pi ta yi wuya, ta yi tsada. Na samu wani a Kano zai sayar da tsohuwar Pi 3 tasa. Ni kuwa abin da na mallaka duk duniya akuya ɗaya ce da Inna ke kiwata min tun ina sakandare.

6/ Na same ta tana tankaɗe na yi mata bayani. Ta ce, "Wanga abu cikin karatunka ya ke?" Na ce eh. Ta ce, "To a kai ta kasuwa." Har yau wannan eh ɗin na damuna, don gaskiya babu malamin da ya sa ni.

7/ Kaya suka iso a motar haya: Pi, ƙananan injina biyu irin waɗanda yara ke cewa dainamo, allon L298N, da HC-SR04 mai auna tazara. Batura na ciro daga mataccen batirin laftof, irin 18650 ɗin nan, guda biyu a jere suna ba da bolt 7.4.

8/ Ga wanda zai gwada: ƙafafun Pi da bolt 3.3 suke aiki, kuma 'yar wutar da suke bayarwa ba ta kai ta juya dainamo ba. Shi ya sa ake sa L298N a tsakani. Pi ta ba da umarni, shi kuma ya ɗebo ƙarfi daga batir ya kai wa tayoyi.

9/ Duk na karanta wannan, na haddace. Dare na huɗu, babu wuta, ina riƙe da tocilan a baki ina jona wayoyi, ban cire batir ba. Jar waya tsirara ta zame ta goga ƙafafun Pi. Na ji ɗan ƙauri. Shi ke nan. Na kunna ta har asuba, ko motsi.

10/ Kwana uku ban faɗa wa kowa ba. Inna na kawo min fura tana cewa Allah ya ba da sa'a, ni kuwa ina kallon turken da babu komai. Rana ta huɗu na faɗa mata. Ta yi shiru, can ta ce, "Ka gane abin da ya kashe ta?" Na ce na gane. Ta ce, "To kar ka koma."

11/ Da damina ta faɗi na shiga ƙwadago a gonakin mutane, noman fari da maimai. Abokaina suna tsokanata wai injiniya ya dawo ga hauya. Da kuɗin na sayi Pi Zero W a hannun wani ɗalibi a Zariya. Ƙarama ce, ba ta da ƙarfin waccan, amma tana kama wayfai.

12/ Ita Zero ba ta zuwa da ƙafafun a manne. Na hau mashin zuwa Tambuwal wurin wani mai gyaran waya, ya zauna ya liƙa duka 40 da dalma ɗaya bayan ɗaya. Da na ce masa kwamfuta ce sai da ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani.

13/ Ba ni da talabijin ɗin da zan jona ta. Na buɗe intanet ɗin wayata Pi ta kama, na riƙa shiga cikinta ta SSH ina rubuta Python da babban yatsa. Duk wanda ya taɓa neman kuskuren tazarar layi a fuskar wayar da ta tsage ya san azabar.

14/ Yadda motar ke "gani": HC-SR04 na harba sautin da kunnenmu ba ya ji, ya bugi abu ya dawo. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Ka ninka da lokacin da ya ɗauka, ka raba biyu saboda zuwa da dawowa. Na rubuta: in tazara ta gaza santimita 20, tsaya, ja baya, juya dama.

15/ Tarko na nan: amsar da na'urar ke dawo da ita bolt 5 ce, Pi kuma 3.3 take ɗauka. Na sa resista biyu, 1k da 2k, suka rage ta. Wannan karon sai da na auna da mitar mai gyara sau uku kafin in jona. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

16/ Sai wata sabuwa: da tayoyi sun tashi, Pi ta mutu ta sake kunnuwa. Ashe dainamo ke fizge wutar. Magani shi ne kowa da tukunyarsa, Pi a kan fawa bank, tayoyi a kan batura, amma a haɗa baƙar wayarsu wuri ɗaya.

17/ A kan simintin ɗaki tana tafiya kamar a bidiyo. Na fito da ita tsakar gida, ta nutse cikin rairayi tana tona rami. Ƙanena ɗan aji biyar, gwanin motar kara a unguwarmu, ya kalle ta ya ce, "Yaya, tayoyinka sun yi siriri, kuma nauyin duk shina gaba."

18/ Ya yanko tsohon silifas ya ninka tayoyin, ya mayar da batura saman tayoyin baya, ya ɗaure da robar tayar keke. Ta tashi. Na yi wata biyu a kan manhaja, yaro ya gyara sauran kafin la'asar.

19/ Ranar nuni kowa ya fito. Ta kauce wa turmi, ta kauce wa randa, yara na ihu. Sai ta nufi buhun da Inna ta jingine ƙwarya a kai. Abu mai laushi yana shanye sautin, ba ta gan shi ba. Furar Baba ta kife ƙasa.

20/ Baba ya daɗe yana kallonta tana ta kai gaba tana kai baya. Ya ce, "To mi take yi ma mutum?" Na buɗe baki ban samu amsa ba. Ba da raini ya tambaya ba, so yake ya sani, kuma akuya aka sayar.

21/ Tambayar ce na komo makaranta da ita. Yanzu na cire Pi daga motar, ina gwada ta da ma'aunin danshin ƙasa, ko za ta riƙa kunna famfon ban ruwan albasa da kanta. Pi ba ta karanta irin wannan ma'auni kai tsaye, sai an sa MCP3008 a tsakani. Wanda ya taɓa yi don Allah ya yi min magana.

22/ Gangar jikin motar na hannun ƙanena, ya ɗaura mata zare yana ja. Akuyar Inna kuma na tara kusan rabin kuɗinta. Duk ranar da na kira gida sai ta ce in bari sai na gama karatu, ni kuma na sa wa kaina kafin babbar salla.